Farfelar Jirgin Kafin Haladu

Kafin Haladu, ƙasar Roni
9 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga ɗana Falalu, a Warri.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka, da yadda kake fama da aiki a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara.

Wataƙila ba za ka tuna da ni ba. Ni ne Sama'ilu. Mahaifina, marigayi Muhammadu Lawal, ƙanen kakarka Uwa ne. Rabona da kai tun rasuwar mahaifinka. Adireshinka a wurin Daudu direba na samu, mai kai shanu can wajenku. Shi ya gaya mini aikinka gyaran injin jirgin ruwa ne.

Uwa tana hannuna yanzu. Tana cin abincinta, tana sallarta a tsaye, sai dai yanar ido ta rufe mata su duka biyu, ba ta rabe komai sai haske da duhu. Likita ya duba ta a Kazaure, ya ce a bari yanar ta nuna, sannan a kai ta Kano a cire.

Ga dalilin takardar. Tun da aka tare kogi aka yi dam, ruwa ya raba garinmu da hanyar mota. Zagayen ta cikin duwatsu ne, wuni guda a ƙafa. Sai ƙungiyar gari ta haɗa jirgin fito, ta sayi tsohon inji mai ƙarfin doki ashirin da biyar a hannun masuntan Yawuri. Ni aka ba tuƙi, don na taɓa riƙe injin niƙa. A makon jiya farfela ta daki dutse a ƙarƙashin ruwa, fiffike ɗaya ya fita, sauran suka lanƙwashe. Na zaga Kano ban samu irinta ba. Yanzu da gora muke turawa ta gefe-gefe, kuma idan ruwa ya ƙaru gora ba za ta taɓa ƙasa ba.

Na rubuta maka sunan injin da lambarsa a bayan takardar nan. Ka aiko mana da farfela da sauri, kafin damina ta zauna. Abin da ta ci, ƙungiya za ta ba Daudu ya kawo maka.

Uwa tana gaishe ka.

Baffanka,
Sama'ilu

*

Warri
14 ga Mayu, 1977

Zuwa ga Baffa Sama'ilu.

Wa alaikumus salam. Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Uwa da duk mutanen gida. Ni da Aishatu da yara lafiya ƙalau, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi, ya kuma warware.

Na tuna da kai sarai. Kai ka ɗauke ni a keke ka kai ni tashar Kazaure bayan addu'ar bakwai ɗin Baba. Na ji daɗi da na ji Uwa tana hannunka. Allah ya saka maka.

Takardarka ta iso a jiƙe, don mu nan damina ta daɗe da sauka. Tawada ta ɗan baje, amma na karanta abin da ake bukata, kuma lambar injin ta fito.

Tun da mai sauri kuke so, na zaɓa muku irin wadda muke sa wa ƙananan jiragen da ke kai injiniyoyi rijiyoyin mai. Sabuwa ce fil, ta farin ƙarfe, za ka ga an buga 10 x 13 a gindinta. Idan ka ɗaura wa kwale-kwale ita ka ba shi wuta, hancinsa ɗagawa yake yi sama, kafin mutum ya gyara zama an kai gaci. Ta dace da bakin injinku, na gwada ta a kan irinsa.

A ƙa'ida da sai na tambaya tukuna: mene ne tsawon jirgin, na katako ne ko na ƙarfe, kuma me yake ɗauka? Amma Daudu gobe zai juya, ban so ya tafi hannu wofi ba. Duk da haka ka amsa mini waɗannan in ka samu sarari.

Maganar biya kuwa, don Allah a bar ta. Jirgin da zai ɗauki Uwa ne.

Ɗanka,
Falalu

*

Kafin Haladu
12 ga Yuni, 1977

Ɗana Falalu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Aishatu da yara. Allah ya ƙara wa ƙaramin sauƙi. Nan an yi ruwan shuka, gero ya tsiro. Uwa lafiya, ta ɗan yi tari ya wuce.

Farfela ta iso, mun gode. Ranar da aka kwance ta rabin gari ya zo kallo, har mata suna duba fuskarsu a jikinta. Ta shiga bakin injin daidai kamar yadda ka ce.

Amma ban san inda ka samo maganar mai sauri ba. Mu ba tsere muke yi ba. Kuma jirginmu ba kwale-kwale ba ne. Gangunan mai ne jeri biyu, maƙerin Roni ya ɗaure su da ƙarfe, aka shimfiɗa katako a kai, aka yi masa shinge. Faɗinsa ya kai ɗaki. Ranar kasuwa yana ɗaukar mutum ashirin da kayansu, wani lokaci har da sa, ko babur ɗin malamin gona.

Ga abin da na gani. In babu kaya, jirgin tafiya yake yi kamar an koro shi. In aka yi lodi kuwa, sai injin ya riƙa gurnani ƙasa-ƙasa, muryarsa ba ta tashi ko na murɗa hannun har ƙarshe. Yana hayaƙi, fulogi yana yin baƙi, ina gogewa kusan kullum. Mai ma yana sha fiye da na da. Da tsohuwar farfela ba haka yake yi ba, ita kuwa ba zan iya gaya maka lambarta ba, tsatsa da duka sun cinye wurin.

Alhaji Maikasuwa, shugaban ƙungiyarmu, ya ce injin ne ya tsufa. Ni dai ban sani ba. Muna lallaɓawa a haka. Ka gaya mini ko akwai abin da zan murɗa ko in sassauta.

Baffanka,
Sama'ilu

*

Kafin Haladu
30 ga Yuli, 1977

Falalu,

Ina fatan kana lafiya. Mu nan da sauƙi.

Ban ga amsarka ba. Daudu ya je ya dawo, ya ce bai same ka a gida ba, ya bar takardar a hannun maƙwabcinka. In abin da na rubuta ne ya ɓata maka rai, ka faɗa. Ni dai abin da na gani na rubuta.

Ranar kasuwar Roni da ta wuce mun taso da la'asar, jirgi cike. Akwai buhunan takin zamani na Alhaji Maikasuwa, da mata da ƙullin cefanensu, da akuya biyu. Muna tsakiya hadari ya taso daga gabas. Iska ta bugi jirgin ta gefe, ta fara kai mu wajen duwatsun da ke kudu. Na juya hancinsa ya fuskanci iskar, na murɗa hannun inji.

Alhaji ya ce, "Sama'ilu, ba shi wuta mana!"

Na ce, "Wutar ke nan, Alhaji, babu saura."

Injin yana ta gurnani, mu kuwa baya-baya muke yi. Can sai ya yi tari ya mutu. Na ja igiya, ya ƙi. Alhaji ya dubi duwatsun, ya dubi matan, ya ce a zubar da takin. Da hannunsa ya fara tura buhun farko. Jirgin ya ɗan ɗago, muka sa gora muka rage ƙarfin karon, amma duk da haka mun daki dutse. Ganga ɗaya ta fashe. Fatu matar Abu ta faɗi a kan hannunta, ya karye a wuyan hannu. An yi mata ɗori. Ba a rasa rai ba. Masunta ne suka kwashe mu da kwale-kwalensu bayan iska ta kwanta.

Ƙungiya ta zauna. An cire injin an kulle a shagon Alhaji, an ce bayan sallah za a mayar wa 'yan Yawuri in suna so. Wasu suna cewa ragowar kamfani ka aiko mana, wadda ta ƙi aiki a can. Wasu suna cewa ni ne ban iya ba.

Bayan wannan, likita ya aiko cewa lokacin aikin idon Uwa ya yi. Ta ƙi shiga kwale-kwalen masunta, ta ce ba za ta zauna a abin da ke rawa ba tana makauniya. Mun gwada ɗora ta a jaki ta zagaye, ba mu kai dutsen farko ba ta ce a sauke ta, ƙugunta ba zai iya ba. Mun dawo.

Tana tambaya ko ka rubuto. Ina ce mata hanya ce ba kyau.

Sama'ilu

*

Warri
21 ga Agusta, 1977

Zuwa ga Baffa Sama'ilu.

Assalamu alaikum, Baffa. Barka da shan ruwa. Ina gaishe ka, ina gaida Uwa. Ka yi wa Inna Fatu sannu, ka yi wa Alhaji Maikasuwa jaje. Allah ya tsare gaba.

Ba fushi na yi ba. Kamfani ya tura mu cikin fadamun bakin teku tun farkon Yuni, inda babu gidan waya, Aishatu kuma ta tafi wajen 'yar uwarta a Sapele da yara. Shekaranjiya na dawo, maƙwabcina ya miƙo mini takardunka biyu tare. Na karanta ta biyun a tsaye.

Na ɗauko takardarka ta watan Afrilu na sake dubawa a rana. Inda tawada ta baje, ka rubuta "da sauri", ni kuma na karanta "mai sauri". Kuma da ka ce jirgin fito, irin kwale-kwalen nan na hango.

Injinku lafiyarsa ƙalau, kuma ba tuƙinka ba ne. Farfelar ce ba ta jirginku ba. Lambobi biyun da ke gindinta, ta farko faɗinta ce. Ta biyu takunta ne, wato nisan da take so ta ci a juyi ɗaya. Mai sha uku dogon taku gare ta, tana so jirgi marar nauyi. Da aka ɗora mata ganguna da mutum ashirin, sai ta zama kamar motar da ke hawan dutsen Kazaure da lodi a babbar giya. Kai ma ka sani a injin niƙa: in aka ɗura masa hatsi fiye da ƙima, muryarsa faɗuwa take yi. Abin da ka ji ke nan.

Na ba Daudu wata. Lambarta 11 x 9, fukafukanta masu faɗi kamar tafin hannu. Gajeren taku gare ta, ba ta gudu, amma tana tura nauyi, kuma tana riƙe jirgi a gaban iska. Ba sabuwa ba ce. Daga wani jirgin dakon bututu aka cire ta, na daidaita bakinta da kaina. Ta alminiyam ce, da gangan na zaɓa. Ruwanku na duwatsu ne. In ta daki dutse ita za ta lanƙwashe, maƙeri ya miƙe ta. Ta farin ƙarfe ba ta lanƙwasa, sai ta karya haƙoran cikin injin, waɗanda ba a samu a Kano.

Abu uku nake roƙo. Ka sassauke katakon da injin ke zaune a kai kamar yatsa uku, don ruwan da ke fitowa tsakanin ganguna cike yake da kumfa, farfela kuma in ta sha iska juyin banza take yi. Ka gwada ta da cikakken lodi, ba jirgi wofi ba, ka saurara: muryar injin ta hau sama ta tsaya tsaf, ba gurnani, ba ihu. In babu kaya kuma kada ka murɗa hannun har ƙarshe. Akwai ƙusoshin farfela a ƙulle cikin tsumma, ka ajiye su a jirgi.

Ka roƙi Alhaji ya ba da injin ko na yini ɗaya ne kafin a sayar. In ta ƙi, a yi yadda ƙungiya ta ce.

Ka gaya wa Uwa na rubuto.

Ɗanka,
Falalu

*

Kafin Haladu
24 ga Satumba, 1977

Ɗana Falalu,

Barka da sallah. Ina fatan kun yi ta lafiya. Mu nan lafiya, an fara yankan gero. An kwance wa Fatu ɗori, hannun yana motsi, sai dai ba ta daka tukuna.

Na karanta takardarka a gaban ƙungiya. Da aka kwance farfelar, Alhaji ya juya ta a hannu ya ce, "Waccan sabuwa ce mai sha uku ta kasa. Wannan tsohuwa mai tara ce za ta iya?"

Na ce, "Haka yaron ya rubuta."

Ya ce, "Wancan karon ma shi ya rubuta."

Abu ne ya sa baki, mijin Fatu. Ya ce tun da matarsa ce ta karye, shi yana so a gwada, don ya san abin da ya karya ta. Aka ba ni injin.

Maƙeri ya sauya gangar da ta fashe, na sassauke katako yadda ka ce. Amma babu wanda ya yarda ya hau. Sai muka cika buhuna da yashi, na kuma jawo shanun nomana biyu na ɗaure a tsakiya. Ni da Abu kaɗai muka shiga. Mutane suna tsaye a gaci.

Da na murɗa hannun, muryar injin ta hau ta tsaya, irin yadda ban taɓa ji ba ko da tsohuwar farfela. Jirgin bai yi gudu ba. Tafiyar sa mai huɗa yake yi, amma ba ya tsayawa. Muka je muka dawo. Na cire fulogi na nuna wa Alhaji, babu baƙi.

Ya ce, "Yau babu iska."

Muka bar yashin a ciki har ranar da hadari ya haɗo, muka sake fita ni da Abu. Na sa hancinsa cikin iskar, ya ci gaba a hankali har ƙetare. Muka dawo a jiƙe, Alhaji yana tsaye a gaci. Washegari ya zo da buhunan gyaɗarsa ya hau, ya zauna nesa da shinge.

Ba a ƙara maganar sayarwa ba. Ta farin ƙarfen tana nan, wani masunci yana so ya sa wa kwale-kwalensa. Ka faɗi yadda za a yi da ita.

Baffanka,
Sama'ilu

*

Kafin Haladu
6 ga Nuwamba, 1977

Ɗana Falalu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Saƙonka ya iso ta bakin Daudu, an ba masuncin farfelar, ya gode. Mu nan lafiya, amfanin gona ya shigo gida.

An yi wa Uwa aiki a idon dama. Na hagu sai baɗi. Ranar tafiya na shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar jirgi, ta dafa katakon da hannu biyu ta ce wannan ba ya rawa, a tafi. Daga gaci muka hau mota zuwa Kazaure, daga nan Kano. Matata Dela ce ta yi jinyarta. An sallame su da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

Ni na je na tarye su a gaci ranar dawowa. Tun kafin a yi dam idonta ya rufe. An sha gaya mata labarin ruwan, ta kuma bi ta kansa a makance, amma ashe a ranta kududdufi ne babba. Da ta sauko daga mota ta tsaya ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Sama'ilu, duk wannan?"

Na ce, "Duk, Gwaggo. Har bayan wancan dutsen."

Ba ta zauna a tabarma ba, ta tsaya ta riƙe shinge, Dela tana riƙe da ita. Muna tsakiya ta ce in kashe injin. Akwai mutane a jirgin da kayansu, na dube su, babu wanda ya hana, sai na kashe.

Ta dubi dutsen kudu, ta juya ta dubi na yamma, sannan ta nuna wasu kawunan giginya uku da suka bushe, suna leƙowa daga ruwa. Kullum ina kauce musu saboda farfela, ban taɓa tambayar na wane ne ba.

Ta ce, "Giginyun kakan Falalu ke nan. Rijiya tana gabansu kaɗan. A nan nake shanya kuɓewa."

Wata yarinya ta tambaye ta ko akwai gida a wurin. Uwa ta ce babu, bukkar gona ce kawai, amma a cikinta ta haifi mahaifinka, ranar da ruwa ya hana su komawa gari. Ta sunkuya, Dela ta riƙe mata tabarau, ta sa hannu a ruwan ta shafa a fuska. Ba ta yi kuka ba. Muka ɗan zauna a haka, jirgi yana juyawa a hankali.

Sannan ta ce, "Tayar, Sama'ilu, mutane suna da aiki."

Ja ɗaya injin ya tashi.

Yanzu tana tsince tsakuwa a shinkafa da kanta, ta kuma ce Dela ba ta iya shara ba. Ni ma ta dube ni ta ce ashe na yi furfura haka ba wanda ya gaya mata.

Ta ce in rubuta maka ka aiko da hotonka, kai da Aishatu da yaran, ta ga ko ka ɗauko mahaifinka. Ta ce a yi shi babba, don ƙananan abubuwa ba ta gama rabe su ba tukuna.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Baffanka,
Sama'ilu